Jaket ɗinka bai lalace ba, bai gama bushewa ba ne

Tunda hunturun nan ya kama, ƙorafi ɗaya ke ta yawo. Mutum ya je Ƙofar Wambai ko Katako ta Jos, ya zaɓo jaket mai kumburi a gwanjo, ya wanke, washegari ya tarar ya lotse, sai wasu dunƙule-dunƙule a ciki. Daga nan sai a hau zagin mai gwanjo. Jama'a, wannan karon dai a ƙyale bawan Allah.

Ku fara da juya jaket ɗin, ku nemo ɗan ƙyallen nan da aka ɗinka a gefe. In kun ga "polyester", zaren roba ne a ciki, wannan ba shi da wata fitina, wanki da shanya kawai. In kuwa "down" aka rubuta, to ku zauna, da ku muke.

Abin da ke cikinsa lallausan gashi ne na jikin agwagwa ko ɗinya, wanda ke ƙarƙashin manyan gashin da ke rufe jikinsu. Da an ɗan hura shi sai ya tashi. Iskar da yake riƙewa a tsakaninsa ita ce ke tare ɗumin jikinka. Wani Ba'amurke, Eddie Bauer, shi ya yi wa irin wannan ɗinki mai gida-gida rajista a 1940, bayan sanyi ya kusa hallaka shi a wajen kamun kifi. Gidajen nan aikinsu su hana gashin zurarewa ƙasa.

Wankin kansa mai sauƙi ne. A zuge zif, ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu kaɗan, a ɗauraye sosai. Ban da maganin sa kaya laushi, ban da murɗewa. Danna shi kawai, ruwan ya tsiyaye.

To, ga inda ake yin ɓarnar.

Ɗauko jaket ɗin da ka shanya. Taɓa bayansa, ƙaf yake, kamar ya bushe. Yadin sama leda-leda ne, cikin ɗan lokaci iskar hunturu ta busar da shi. Amma matsa ƙasan ɗaya daga cikin gidajen. Ka ji wani curi mai sanyi-sanyi? Gashin ne ya jiƙe ya manne da juna, kuma ko ya kwana nawa a igiya ba zai warware da kansa ba. Rataye shi ma ƙara tara gashin yake yi a ƙasa.

Saboda haka shimfiɗa shi za a yi, a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Sai ka bi gida-gida da yatsu kana warware curin, kamar mai murza dambu. A hankali, kada ka ja ɗinkin. Ka gama, ka ɗaga ka kakkaɓe, ka juya ɗaya gefen. Bayan awa ɗaya ko biyu ka dawo ka sake. Haka za ka yi ta yi. Yana iya cin yini biyu, kuma a nan ne mutane ke gajiya su ce ai ya lalace. Ƙarƙashin hammata da wuya su ne ke bushewa a ƙarshe, kada a manta da su.

Mai injin busar da kaya ya huta: wuta ƙasa-ƙasa, a jefa ƙwallon tanis biyu ko uku su riƙa dukansa. Mu da wutar sai an gan ta, yatsunmu ne injin.

Don ka tabbatar ya bushe, ɗaga jaket ɗin wajen haske. In kana ganin tabo-tabo masu duhu da wuraren da babu komai, da saura. Shinshina kuma. Ɗan ƙarni na nufin akwai danshi a ciki, kuma in ka naɗe shi a haka, fumfuna za ta kama shi, lokacin ne zai lalace da gaske.

Ni a ganina, saurayin da ke sa wannan da azahar a Kano don gayu, Allah ya ba shi lada, zufar ma ibada ce. Amma in za a kai wa mai wanki, a ja masa kunne: kada dutsen guga ya kusance shi. Gawayi ɗaya ya faɗo, yadin ya narke, gashin ya bi iska.