Yadda ake sabar wa babban kare da zama a keji

Masu kallo, karen da ya riga ya girma yana iya sabawa da keji, sai dai ba ya saurin ɗan kwikwiyo, domin ya daɗe a kan halayensa, wani ma an taɓa kulle shi ya sha wuya. Amfanin wannan horo yana fitowa ne ranar da aka yi wa kare tiyata likitan dabbobi ya ce a hana shi zirga-zirga, ko ranar doguwar tafiya a mota ko jirgin sama, lokacin da babu sauran damar fara koya masa.

Da farko a duba girman kejin. Wajibi ne kare ya iya tsayawa ba tare da kansa ya taɓa sama ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafunsa. A auna shi daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara santimita 5 zuwa 10. Idan tsufa ya kawo masa ciwon gaɓoɓi, a sa shimfiɗa mai kauri wadda ba ta zamewa.

Ƙofa ce ke ɓata aikin mutane da yawa, saboda gaggawar rufe ta. A kwanakin farko a ɗaure ta a buɗe, kada ta kaɗa ta firgita shi. A ajiye kejin inda mutanen gida suke zama, a sa ɗan nama a bakin ƙofa, washegari a matsar da shi ciki kaɗan. Za ku ga ya sa ƙafafun gaba ciki, ya bar na baya a waje, ya miƙa wuya ya fizge naman ya ja da baya. Wannan ci gaba ne, kuma kuskure ne babba a tura shi daga baya a wannan lokaci. Idan ya fara shiga gaba ɗaya, sai a riƙa ba shi abincinsa a ciki, a rufe ƙofar yayin da yake ci, a buɗe kafin ya gama lasar kwano. Daga nan a ƙara lokacin sannu a hankali, kuna zaune kusa da shi, sannan ku fara fita daga ɗakin na ’yan mintoci. Wani kare kwanaki sun ishe shi, wani sai an yi makonni.

Kada a taɓa tura shi keji don hukunta shi. A cire masa abin wuya kafin a rufe, domin yana iya maƙalewa a wayar kejin ya shaƙe shi. A kuma fitar da shi ya zaga ya yi fitsari tukuna, musamman tsohon kare da ba ya iya riƙewa sosai, kuma da rana kada zamansa a ciki ya wuce ’yan sa’o’i.

Ɗan kukan da ke lafawa da kansa ba abin damuwa ba ne. Amma idan kare yana haki, yana dalalar da yawu, yana cizon waya har haƙori ya kusa karyewa, wannan firgici ne na gaske, wanda sau da yawa tsoron kaɗaici ke jawowa. A buɗe masa nan take, a dakatar da horon, a kai shi wurin likitan dabbobi kafin a sake gwadawa.