Lagireton Jif da Ruwan da Muke Zuba Masa

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da ke nan gaba, 'yan uwa masu motoci, da yaran gareji da na hango can baya, sannunku da zuwa.

Maganata yau a kan lagireto ce, musamman na jif ɗin da ake ɗaukar iyali, irin su Highlander da RAV4 da CR-V da Pilot. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, duk wanda ya bi ta Kurna ko Bata da azahar ba zai rasa ganin jif a gefen titi ba, an ɗaga bonet, tururi na tashi, yara na tsaye a rana. Ka tambayi mai motar, ya ce maka zafin gari ne. Alhaji, ba zafin gari ba ne. Inji mai lafiya dama a wajen digiri 90 yake aiki, kuma irin waɗannan motocin na yawo a Saudiyya ba sa tafasa. Abin da ya fi kashe lagireto shi ne abin da muke zuba masa da hannunmu.

Ruwan burtsatse da na rijiya suna ɗauke da gishirin ƙasa. Ku leƙa butar mai shayi da ta daɗe a kan wuta, za ku ga wani farin abu ya daskare a gindinta. Shi ne ke taruwa a cikin bututun lagireto, waɗanda sirara ne ƙwarai. Yau ɗaya ya toshe, gobe wani, har rabin lagireton ya daina aiki alhali daga waje lafiya lau yake. Ga kuma tsatsa, domin zallar ruwa ba shi da maganin da zai hana shi cin ƙarfe da alminiyam da famfon ruwan injin. Wannan maganin a cikin kulant yake, wato ruwan nan mai kala da ake sayarwa a jarka musamman don lagireto. Masu cewa kulant na ƙasashen ƙanƙara ne rabin zancen suka ji. Zallar ruwa a digiri 100 yake tafasa, idan aka haɗa shi rabi da rabi da kulant sai ya kai wajen 107. Sannan murfin lagireto, wannan da za ku ga an rubuta 1.1 a kansa, yana matse ruwan har ya wuce 120 bai tafasa ba. Shi ya sa idan robar murfin ta mutu, mota za ta riƙa shan ruwa kullum, a yi ta neman yoyo ba a gani. Abu mafi araha a duk tsarin, amma shi aka fi mantawa da shi.

Toyota ta ce kulant ɗinta mai ruwan hoda yana kai kilomita 160,000 ko shekara 10 a zubin farko, bayan nan duk kilomita 80,000. To motar da ta zo ta Kwatano, wa ya san abin da ke cikinta? A zubar, a wanke, a sa sabo, kuma kada a gauraya kala biyu. Hajiya, ki ɓoye jarkar daga yara, domin yana da zaƙi kuma guba ne mai lalata ƙoda.

Ku kuma 'yan uwana bakanikai, ina roƙonku don Allah ku daina cire tamostat kuna yi wa fanka dairek, wato ta riƙa juyawa ba tsayawa. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 82, domin inji ya yi ɗumi da wuri ya tsaya a ma'auninsa. Idan ka cire ta, inji zai yi ta aiki da sanyi, ya ƙara shan mai, ya ci kansa, cutar ta asali kuma tana nan ka lulluɓe ta kawai.

Ta waje, ƙurar hunturu da ledoji ke toshe haƙarƙarin lagireto. A wanke da ruwa mai sauƙi, kada a kafa masa bakin injin wankin mota ya lanƙwashe su. Idan allurar zafin inji ta haura, a tsaya a kashe inji. Kada kowa ya taɓa murfi sai ya huce, ruwan nan saɓule fata yake.

Sai batun canji. Lagireton da na tagulla ne, ana iya yi masa dalma. Na yanzu alminiyam ne mai kan roba, kuma idan robar ta tsufa ta tsage, gam ba zai riƙe ta zuwa Zariya ba. A canza kawai. In za ka Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota, tafi da tsohon a hannu a gwada tsawo da bakunan tiyo. In na hannu za ka saya, a toshe bakunansa, a hura masa iska a cikin ruwa a gabanka, ka ga ko zai yi kumfa. Yawancin jif masu giya otomatik man giyarsu na ratsawa ta cikin lagireto domin ya huce. Idan wurin ya fashe, ruwa ya shiga man, sai ka ga man ya koma kamar madara, kuma kuɗin giyabos ya ninka na lagireto sau da yawa. Don haka a ɗaure waɗannan ƙananan tiyo biyu da kyau, a duba man giya bayan an gama.

Tunda an riga an kwance, a canza murfi da tamostat da duk tiyon da ya kumbura. Bayan an zuba kulant, a tayar da mota murfi a buɗe, a kunna hita, a jira fanka ta tashi da kanta, iskar da ta maƙale ta fita. Washegari da safe, kafin a kai yara makaranta, a sake duba tankin roba na kulant a cika shi zuwa layinsa.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu a kawo masa lasifika.