Farar shadda, fuska a duhu: me ya sa hoton Sallah ke fitowa haka?

Tun bayan Sallah saƙonni ke shigo mini daga Garwa, Marwa har Gaundare, kuma kukan ɗaya ne: "Malam, na ɗauki Baba sanye da farar babbar riga, fuskarsa ta fito kamar an ɗauke wuta." Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau.

Ƙananan abubuwa tukuna. Goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, ƙurar garinmu ba ta raga wa kowa. Riƙe waya da hannu biyu. Maimakon jawo hoto da yatsu, taka ka matsa kusa.

To, ku dubi abin da ke faruwa a irin wannan hoton da kyau.

Kyamara ba ta san Baba ba. Hasken da ke gabanta kawai take aunawa, sannan ta yi ƙoƙarin mayar da shi tsaka-tsaki, wajen ruwan toka. Ga farar shadda ta cika allo, ga ranar Garwa ta azahar tana dukanta. Sai kyamara ta ga haske ya yi yawa, ta rage. Kun gani? Rigar ta dushe. Fuska kuwa, da ma fatarmu baƙa ce, ga inuwar hula a goshi, sai ta nutse gaba ɗaya.

Yanzu ku bi yatsana. Na taɓa fuskar a allo. Ga alamar rana, wadda ake ƙara haske ko rage shi da ita, ta fito a gefe. Ina jan ta a hankali don ƙara haske... ga idanu, ga furfurar gemu. A wayoyi da yawa, in ka danna ka riƙe, awon zai tsaya cak ko da mutum ya motsa. Mai babbar kyamara ya nemi maɓallin da ke da + da −. Kai shi +1 yana nufin ka ninka hasken sau biyu.

Sai dai akwai ciniki a ciki. In ka ja da yawa, aikin zaren da ke ƙirjin rigar zai narke ya zama fari fat, kuma gyara a kwamfuta ba ya dawo da shi. Ni dai in tilas sai an zaɓa, fuskar nake zaɓa. Tela ya yi haƙuri. Shekara ashirin nan gaba, fuskar tsohon jikoki za su nema.

Abin da ya fi duka sauƙi kuma, ka ce: "Baba, don Allah mu koma inuwa." Ga darbejiya birjik a titunan Marwa. A inuwa tazarar da ke tsakanin hasken riga da na fuska tana raguwa, kyamara ta iya riƙe su biyun.

Na ɗauki hoto ɗaya a cikin rana, na ɗauki wani a ƙarƙashin bishiya. Na ukun kuma bayan la'asar na ɗauke shi a bakin kogin Binuwai, rana tana bayana, fuska ta fito ban taɓa ko alamar ranar nan ta allo ba.