Duk kanwar ja ce: laccar wani tsohon ɗan jarida a Bauchi

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani tsohon ɗan jarida ya gabatar a gaban ɗalibai da matasan 'yan jarida a garin Bauchi. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina, ƙannena da 'ya'yana. Na san a zauren nan akwai 'yan tsintsiya, akwai 'yan lema. Kowa ya gyara zama, don yau ba wanda zan ragawa.

Mu fara da gida. A 2007 Malam Isa Yuguda ya bar PDP ya tsaya takarar gwamna a ANPP. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun tuna yadda aka yi. Mata da maza suka tsaya a rana, matasa suka bi akwati da ƙafa har wurin tattara sakamako, ana ta "a kasa, a tsare, a raka". Ya ci. A 2009 ya koma PDP ɗin da jama'a suka kayar domin shi. Mataimakinsa Garba Gadi ya ce ba zai bi ba, majalisa ta tsige shi, daga baya kotu ta soke tsigewar. To wa ya koma ya tambayi matar nan da ta bar tuyarta ta je ta bi layi ko ta yarda a kai ƙuri'arta wata jam'iyya?

Kada 'yan wani ɓangare su yi murmushi. Sanata Bala Mohammed a ANPP ya shiga majalisar dattawa a 2007, a 2010 ya zama ministan Abuja a gwamnatin PDP, a 2019 ya zama gwamna a PDP. Yakubu Dogara daga PDP ya tafi APC, ya zama kakakin majalisar wakilai a 2015, ya dawo PDP, a 2020 ya sake komawa APC. Maƙwabtanmu na Gombe ma haka: Danjuma Goje ya yi shekara takwas yana gwamna a PDP, sannan ya koma APC. Atiku Abubakar kuwa, sai mutum ya ɗauko biro da takarda.

Ban ce sauya sheƙa haramun ba ne. Amma a duk tarukan manema labarai da na zauna na masu sauya sheƙa, ban ji wanda ya ce ya bar jam'iyyarsa don sun saɓa a kan ilimin firamare ko farashin taki ba. Kullum magana ɗaya ce, "ba a yi mini adalci ba". Wato ba a ba shi tikiti ba. Tsarin mulkin 1999, sashe na 68 da na 109, ya ce ɗan majalisar da ya sauya jam'iyya ya rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ta dare. Shi ya sa ranar da mutum zai fita sai ka ji ya gano ɓaraka a jam'iyyar da jiya yake rantsuwa lafiyarta ƙalau. Gwamna kuwa wannan dokar ba ta ma taɓa shi ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Bauchi na da ƙananan hukumomi 20, Gombe na da 11. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Bauchi a 2020 ƙarƙashin gwamnatin PDP, PDP ta lashe kujerun ciyaman 20 duka. An yi a Gombe a wannan shekarar ƙarƙashin APC, APC ta lashe 11 duka. A 2024 aka sake, aka samu sakamako iri ɗaya a jihohin biyu. APC ta Bauchi tana kukan an zalunce ta, PDP ta Gombe tana kukan an zalunce ta, kuma da za ka musanya takardun sanarwarsu ka canza suna, ba wanda zai gane. Ku gaya mini, gwamnan da ya sha da ƙyar a zaɓen INEC, ta yaya jam'iyyarsa ba za ta faɗi ko a ƙaramar hukuma ɗaya ba idan hukumar zaɓen jiha ce ta shirya? Gwamna ne ke naɗa shugabannin hukumar, daga hannunsa kuɗinta ke fitowa. Ba sai an kira boka ba.

Kun kuma tuna watan Yunin 2019, ranar da majalisar dokokin jihar nan ta wayi gari da kakaki biyu, ɗaya a cikin zaure, ɗaya a waje. Masu yin doka ke nan.

Kuɗi fa? A 2022 APC ta sayar da fam ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, PDP miliyan 21. Fam kawai, ba a zo maganar daliget ba. Wanda ya zuba wannan ba sadaka ya yi ba, jari ya sa, kuma zai cire. Ragowar canjin ne ke zuwa hannun yaran da muke kira Sara-Suka a nan, Kalare a Gombe. Ban taɓa ganin ɗan wani babba a cikinsu ba. Bayan zaɓe, wanda aka yi wa aiki shi ne zai fara kiran a kama su.

Mu ma 'yan jarida ba mu fita ba. Sashe na 22 na tsarin mulki ya ɗora mana aikin bin diddigin gwamnati, amma ana gama taro sai ka ga an yi cirko-cirko a bakin ƙofa ana jiran ambulan ɗin kuɗi. Garin da ya haifi Malam Sa'adu Zungur, wanda ya gaya wa Turawa da sarakuna gaskiya ido da ido, bai kamata ya saba da wannan ba.

Ga aikin da zan bar muku. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ana wallafa rabon arzikin ƙasa kowane wata, kuma akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kowannenku ya ɗauki ƙaramar hukumarsa, ko Toro ce, ko Ningi, ko Katagum, ya rubuta abin da aka ce an turo, ya je sakatariya ya tambayi ciyaman nawa ya shigo asusun, kuma wa ya sa hannu aka fitar. Idan ya ƙi amsawa, ku rubuta cewa ya ƙi, da rana da lokaci.

Shugaban taro, na ga kana duba agogo. A ba masu tambaya dama.