Wa Zai Tsaya wa Tsohuwar Kwamfuta?

Bashir: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan Kaduna. Yau ina tare da Malam Sabo, mai gyaran kwamfuta a Tudun Wada, da Hauwa mai rubuta manhaja. Malam, an ce Debian, wato ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, babbar manhajar da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, ta ɓata maka rai.

Malam Sabo: Ƙwarai kuwa. A watan Agustan 2025 suka fitar da Debian 13, suka ce tsohuwar kwamfuta mai furosesa irin ta Intel mai bit 32 ba ta da abin girkawa. Ni kuwa ƙananan laftof ɗin nan 'yan gwanjo masu furosesar Atom N270, mai bit 32, nake sa wa Linux ina sayar wa ɗalibai. Batir ya mutu, an naɗe caja da selotef, amma in ka jona ta da wuta za ta buga maka takarda tsaf. Laifin me ta yi?

Hauwa: Malam, ba ita ta yi laifi ba. Kowane irin furosesa da umarnin da yake ganewa. Duk gyaran da aka yi wa manhaja sai an sake harhaɗa shi an gwada a kan kowanne. Ana buƙatar inji a kunne dare da rana, da mutumin da zai tashi tsaye in abu ya lalace. Yawancin masu wannan aikin kuma sa kai suke yi.

Bashir: Ashe ba tsufa ke kashe su ba?

Hauwa: Ko kusa, Yaya Bashir. Dubi furosesar Itanium. Intel da HP sun zuba mata maƙudan kuɗi, amma Intel ta daina fitar da ita a 2021, sannan Linux 6.7 ta cire ta a farkon 2024, don an rasa mai riƙe ta. Motorola 68000 kuwa tun 1979 take, ita ce a cikin kwamfutocin Amiga da Macintosh na farko, har yau danginta na cikin Linux, saboda Geert Uytterhoeven, mai kula da su a Linux, da wasu 'yan tsiraru sun ƙi sakin ta.

Malam Sabo: Ikon Allah! Mai gata ta mutu, marainiya na yawo.

Bashir: To bari in tsaya wa ɗaya ɓangaren. A 2021 masu manhajar ɓoye bayanai, cryptography, ta yaren rubuta manhaja Python sun shigo da wani yaren, Rust, don ƙara tsaro, sai masu Gentoo, wani nau'in Linux, a kan tsofaffin furosesa irin su Alpha da m68k, wato dangin Motorola 68000, suka yi ca, don Rust bai isa wurinsu ba. Sai a hana miliyoyin mutane tsaro saboda 'yan kaɗan?

Hauwa: A nan ina tare da kai. Ba adalci ba ne a ɗora wa mai aiki kyauta nauyin injin da bai taɓa gani ba. Sai dai baƙin injina suna da rana. Manyan kwamfutocin IBM, s390x, suna jera lambobi a ƙwaƙwalwa saɓanin yadda Intel ke jerawa. Kuskuren da ya ɓuya a laftof ɗinka, can yake tonuwa, a gyara, kowa ya amfana.

Malam Sabo: Mu fa? Namu injinan ba kaɗan ba ne.

Hauwa: Da yawa, amma ba a ganin su. Debian na da manhajar ƙidaya, popularity-contest, sai wanda ya yarda take aika rahotonsa. Injin da ba ya hawa intanet, a wurinsu babu shi.

Malam Sabo: Wa zai ƙona data don a ƙirga shi?

Hauwa: Ɗan rahoto ne, sau ɗaya a mako. Kuma Malam, ka riƙa buga umarnin lscpu, mai nuna irin furosesar da ke ciki, kafin ka yanke hukunci. Furosesar Core 2 Duo tun 2006 mai bit 64 ce, tsohuwar Windows ɗin da ke kanta ce ke ruɗar mutane.

Malam Sabo: Masu Atom ɗin fa?

Hauwa: Ka bar su a kan Debian 12, tana da tallafi har 2028.

Malam Sabo: To, gobe ki biyo ta shago, akwai guda a kan tebur da ta ƙi ganin Wi-Fi.