Wa ya zaɓi Mbhazima Shilowa Firimiyan Gauteng?

Tambayar da ake ta yi ke nan: ƙuri'a nawa Mbhazima Shilowa ya samu har ya zama Firimiyan lardin Gauteng a Afirka ta Kudu? Wasu suna haɗa shi da Adams Oshiomhole, tunda dukkansu daga ƙungiyar ƙwadago suka fito. To, ku gyara zama, a nan ruɗanin yake.

Tarihinsa a gurguje. An haife shi a 1958 a ƙauyen Olifantshoek, cikin lardin da yanzu ake kira Limpopo. Ya zo Johannesburg neman abinci, ya yi aikin gadi, ya shiga ƙungiyar ma'aikata. A 1993 ya zama babban sakataren COSATU, uwar ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar. Jajayen safa yake sawa, da su aka san shi.

Oshiomhole ya bar shugabancin NLC, ya tsaya takarar gwamnan Edo a 2007, mutane suka jefa masa ƙuri'a, kotu ta tabbatar masa da kujerar a 2008. Shilowa kuwa babu wanda ya dangwala masa a matsayin ɗan takarar Firimiya, domin a can ba a yin wannan zaɓen kwata-kwata.

Ga yadda abin yake. A zaɓen Yunin 1999, mai zaɓe a Gauteng jam'iyya ya zaɓa. Kowace jam'iyya ta riga ta miƙa jerin sunayen mutanenta. Majalisar lardin tana da kujeru 73 a lokacin, aka raba su gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu. Sai 'yan majalisar suka zauna suka zaɓi Firimiya daga cikinsu. Dattawanmu sun san irin wannan tsari: Sardauna ma ta hanyar rinjayen jam'iyyarsa a majalisa ya riƙe Firimiyan Arewa.

To ta ina shugaban ma'aikata ya shigo? COSATU ba ta tsayawa zaɓe. Tana cikin ƙawance da jam'iyyar ANC mai mulki da Jam'iyyar Kwaminis, don haka mutanenta kan shiga jerin sunayen ANC. Kuma a wannan shekarar uwar jam'iyya ta ƙasa, ƙarƙashin Thabo Mbeki, ita ke tantance wanda zai zama Firimiya. Mathole Motshekga ne a kan kujerar, aka ajiye shi gefe, aka ɗauko Shilowa.

Wannan wuri yana damuna, gaskiya. Mutumin da ma'aikata suka ɗaga, wanda ƙungiyarsa ta yi ta sukar tsarin tattalin arzikin GEAR na 1996, ya tashi kujerarsa tana hannun shugabannin da suka kawo tsarin. Ma'aikacin da ya yi tattaki a bayansa ba shi da hanyar cire shi kai tsaye. Jam'iyya ce ke da wannan ikon.

Ga sauran labarin. Jirgin ƙasan Gautrain, wanda aka yi wa laƙabi da Shilowa Express, ya fara jigila a 2010 gab da gasar cin kofin duniya, kuma COSATU ɗin da ya baro ta soki aikin. A Satumban 2008, da ANC ta tilasta wa Mbeki sauka daga kujerar shugaban ƙasa, Shilowa ya ajiye muƙaminsa don nuna fushi, daga baya suka kafa jam'iyyar COPE shi da Mosiuoa Lekota.

Da ya sauka, ba a kira mutanen Gauteng rumfar zaɓe ba. Majalisa ce ta sake zama, ta ɗora Paul Mashatile.