Direban Mota da Masu Yajin Aiki a Shagunan Starbucks

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu da ke wajen nan, 'yan'uwa ma'aikata maza da mata, barkanmu da yamma.

Yau Amurka za mu leƙa, birnin Buffalo na jihar New York. A watan Disamba na 2021, ma'aikatan wani shagon gahawa na kamfanin Starbucks da ke titin Elmwood suka kaɗa ƙuri'a kan kafa ƙungiyar ƙwadago. Mutum 19 suka amince, 8 suka ƙi. Daga wannan ɗan shago abin ya bazu, har shaguna sama da 500 suka shiga ƙungiyar Starbucks Workers United.

Sai dai ku riƙe lissafin nan: shagunan da kamfanin ke gudanarwa da kansa a Amurka sun haura 9,000. Kowane shago ma'aikatansa ba su fi ashirin ko talatin ba. In suka rufe ƙofa yau, mai son gahawa sai ya taka zuwa na gaba. Ashe kenan yajin aikinsu, in su kaɗai ne, ba zai hana kamfanin barci ba. Wannan ya sa nake son mu tsaya sosai a kan waɗanda suka mara musu baya.

Kukansu kuwa sananne ne. Ban da albashi, akwai batun awannin aiki. A tsarin kamfanin, sai kana yin kimanin awa 20 a mako kafin ka cancanci inshorar lafiya. Ma'aikata suna ƙorafin ana zaftare musu awanni har su gaza kai wannan adadi, alhali aiki ya yi wa waɗanda ke bakin kanta yawa. A ƙasar da jinya ke iya cinye dukiyar mutum kaf, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To ku dubi direban babbar mota. Shagon gahawa ba ya yini ba madara, ba kofuna, ba wanda zai kwashe shara. Direbobi da yawa a Amurka 'yan ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ne, kuma a cikin yarjejeniyoyin aikinsu da dama akwai sharaɗin da ya ba direba ikon ƙin ƙetare wurin da masu yajin aiki suka ja daga. Ya iso da kaya, ya tarar da su tsaye a bakin ƙofa da kwalaye, sai ya juya motarsa, kuma ba a isa a kore shi a kan haka ba. Mutumin nan bai san su ba, albashinsa ma ba daga Starbucks yake fitowa ba. Amma juyawar da ya yi ta fi takardar nuna goyon baya ɗari nauyi. Kuma ku lura, 'yan'uwa, wannan sharaɗi ba ranar yajin aka rubuta shi ba. Shekaru kafin nan wasu suka zauna a teburin sulhu suka nace sai an sa shi, don amfanin ma'aikatan da ba su ma san da su ba a lokacin.

Me ya sa sai ta wannan ƴar ƙofa? Saboda doka ta toshe babbar. Dokar Taft-Hartley ta 1947 ta hana ƙungiya matsa wa wani kamfani daban lamba don ya daina hulɗa da wanda ake rikici da shi. Tun kafin nan ma, a 1938, Kotun Ƙolin Amurka ta ce wanda ya tafi yaji kan albashi ana iya ɗaukar wani a gurbinsa na dindindin. Wanda ya tafi yaji saboda kamfani ya karya dokar ƙwadago, shi ba a yi masa haka. Shi ya sa za ku ga ma'aikatan Starbucks suna ɗora yajinsu a kan zargin karya doka.

Ita hukumar da ke kula da hulɗar ƙwadago, NLRB, tafiyarta a hankali take. A Fabrairun 2022 aka kori ma'aikata bakwai a birnin Memphis. Kamfanin ya ce sun saɓa ƙa'ida da suka shigar da 'yan jarida shago bayan an tashi, ƙungiya ta ce don suna jagorantar fafutuka ne. Sai bayan wata shida alƙali ya ba da umarnin mayar da su, bisa buƙatar hukumar. A Yunin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta goyi bayan kamfanin, ta tsaurara sharuɗɗan samun irin wannan umarni na gaggawa. Wata shida ba albashi, ga kuɗin haya, wa zai riƙe mutum? Asusun yajin aiki ne da gudummawar wasu ƙungiyoyi, da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ke zuwa su tsaya tare da su cikin sanyi, da masu saye da suka ce ba za su shiga ba.

Ranar da ma'aikatan Starbucks suka zaɓa don yajin aiki ma akwai hikima. Duk watan Nuwamba kamfanin na da ranar da yake raba jan kofin shan gahawa kyauta, tana cikin ranakun da ya fi ciniki. A 2022 shaguna sama da 100 suka ajiye aiki a wannan rana. A Fabrairun 2024 ɓangarorin biyu suka sanar da komawa tattaunawa, mutane suka sa rai, amma a Disambar shekarar aka sake yajin kwana biyar daf da Kirsimeti. A Nuwambar 2025 aka kuma tsunduma wani, kusan shekara huɗu bayan ƙuri'ar Buffalo, babu yarjejeniyar aiki ko ɗaya da aka sa wa hannu.

Abin da nake roƙon shugabannin rassanmu shi ne, kowa ya je ya buɗe yarjejeniyar da ƙungiyarsa ta ƙulla da masu ɗaukar aiki, ya duba ko akwai sharaɗin da zai kare mambansa in ya ƙi ƙetare yajin aikin wasu. In babu, a sa shi cikin buƙatun zama na gaba. Shugaban taro, ga makirufo, a buɗe fagen tambayoyi.